Wa muka bari a gida?

(Jawabin da aka gabatar a taron iyaye da malamai a Saga, Yamai, gab da komawa makaranta)



Iyayena maza da mata, masu unguwanni, limamai, malaman makaranta, ƴan kwamitin CGDES, da iyayenmu na ƙungiyar uwayen ƴan makaranta, sannunku da zuwa, sannunku da rana. Na san Saga garin Zabarmawa ne, ni kuwa Zabarmancina na cinikin shinkafa ne, bai kai na tsayawa gaban dattawa ba. Ku yi mini afuwa, da Hausa zan yi magana, ɗan'uwana da ke gefena zai riƙa juyawa. Can kusa da taga kuma ga wata baiwar Allah tana juya maganar da hannu saboda kuramen da ke cikinmu. In kun ga na tsaya a tsakiyar zance, su nake jira.

Abin da ya tara mu shi ne karatun yara masu naƙasa. Kafin in shiga dokoki da alƙaluma, bari in fara da gidanmu, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba na jin akwai wanda ya manta bazarar 2015 a Yamai. Shekarar sanƙarau ke nan, har gwamnati ta rufe makarantun birnin na ƴan kwanaki cikin watan Afrilu. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙirga mutum wajen 8,500 da suka kamu a ƙasar, sama da 500 suka rasu. Autarmu tana cikin waɗanda suka kamu. Shekararta bakwai, tana CP, ni kuma ina shirin bak. Ta kwanta likita, Allah ya tashi kafaɗarta, muka yi sadaka, muka yi murna, ta koma lakwal. Ba wanda ya gaya mana cewa sanƙarau, ko ya bar rai, yakan tafi da wani abu. Sai daga baya na karanta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu tsira daga irin wannan sanƙarau yakan tashi da wata lalura mai daɗewa, kuma rashin ji yana kan gaba.

Yarinyar doguwa ce, don haka tun farkon shekara a benci na ƙarshe aka zaunar da ita. Da ta koma sai abubuwa suka rikice. Dikte, sifili. A kira sunanta, shiru. A ce a buɗe littafi, sai ta kalli na kusa da ita ta ga shafin da ya buɗe. Mushe ya aiko a gaya wa baba cewa ɗiyarsa ta koyi taurin kai, ciwo ya sa an shagwaɓa ta. Ta sha bulala. Kuma kada in tsaya a kan mushe kaɗai, don ni ce mai yi mata bita da dare, kuma na mare ta. Ba sau ɗaya ba. Ina tsaye bayanta ina maimaita kalma ɗaya sau biyar, ita ko ta sunkuyar da kai tana kallon kaye, ni ina ganin raini ne.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta gano, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ta saki faranti a ƙasa bayan yarinyar. Duk gidan muka zabura, ita ko ba ta waiga ba. Lokacin an yi kusan shekara. Da aka auna, kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama akwai ɗan saura.

Muka koma wurin direkta da takardar likita. Mutumin kirki ne, ya tausaya mana, ya ce: ku kai ta makarantar kurame, nan ba mu da yadda za mu yi da ita. Makarantar kurame akwai ta, Hassane Bana Bâ, can cikin gari, kamar yadda makafi ke da tasu, Soli Abdourahamane. Baba ya zauna ya yi lissafi: kuɗin taksi zuwa da dawowa, kullum, na mutum biyu, don ba a sakin yarinya ƴar shekara takwas da ba ta jin hon ɗin mota ta tsallaka titi ita kaɗai. Sannan wa zai bar aikinsa ya raka ta? Lissafin bai fita ba. Aka ce ta ɗan zauna gida tukuna. Wannan tukuna ɗin yau shekara tara ke nan. Tana zaune a nan cikinmu, ita ta ba ni izinin in ba da labarin, da sharaɗin kada in faɗi sunanta.

Abin da ke hana ni barci shi ne wannan: da ɗan sauran jin da ke kunnenta na dama, da an matso da ita benci na farko, an juya wannan kunnen wajen malam, da wataƙila ta gama firamare. Tsakanin benci na ƙarshe da na farko taku shida ne ko bakwai.

To, doka fa? Doka ba ta gaza ba. Tun 2 ga Maris 1993 akwai dokar da ta tsara kariyar masu naƙasa a Nijar. Ranar 24 ga Yuni 2008 ƙasarmu ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda sashenta na 24 ya wajabta cewa kada a hana yaro makarantar kowa da kowa saboda naƙasarsa, kuma ya samu karatu a cikin al'ummar da yake zaune. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka sake kafa wata dokar, mai lamba 2019-62. A 1994 kuwa, ƙasashe 92 sun taru a Salamanca ta ƙasar Sifen suka yarda cewa makaranta ce za ta gyara kanta ta dace da yaro. Abin da takardun ofis ke kira éducation inclusive ke nan, ni kuwa karatun tare nake ce masa. Na karanta waɗannan duka a jami'ar Abdou Moumouni, na ci jarrabawa a kansu, alhali ƙanwata tana gida tana wanke-wanke. Direktan da ya sallame mu, na tabbata bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ko ya gani, ba wanda ya nuna masa yadda ake aiki da su ranar Litinin da safe a ajin yara tamanin.

Su nawa ne ma yaran? Ƙidayar 2012 ta ce kashi 4.2 cikin ɗari na mutanen Nijar ne ke da naƙasa. Hukumar lafiya ta duniya kuwa tana lissafin kashi 16 cikin ɗari a duniya baki ɗaya. Mu da ke da sanƙarau, da shan inna a baya, da ƙyanda, da haihuwa mai wuya, da haɗarin babur, yaya za a yi mu kasa kashi ɗaya bisa uku na lissafin duniya? Amsar tana cikin yadda ake tambaya. Baƙo ya tsaya ƙofar gida da takarda ya ce, akwai naƙasasshe a gidan nan? Maigida zai ce a'a, lafiya lau, Alhamdu lillahi. Da an yi mana wannan tambayar a 2015, mu ma haka za mu ce. Wasu ba su sani ba, kamar mu. Wasu sun sani, kunya ce, ko tsoron kada a ce abin a jinin gidan yake, ƴan matan gidan su rasa mazan aure. Yaron yana can ɗakin ƙurya.

A kan kalmomi, in ɗan ratse. Za ku ji ina cewa kurma, makaho, gurgu. Wasu abokan gwagwarmaya ba sa so, sun fi son a ce masu buƙata ta musamman. Ban ƙi ba. Amma ni abin da na ga yana ciwo shi ne a mayar da kalmar ta zama sunan yaro, a ce kai Kurma zo nan, har ƴan ajinsu su gama shekara ba su san sunan da aka raɗa masa ba. Malam, in ka hana wannan kaɗai a ajinka, ka yi aiki.

Yanzu ga abin da na fi so mu daɗe a kai: me za a iya yi a makarantun Saga, a wannan Oktoba, da abin da ke hannunmu.

Yaron da ba ya ji sosai, da ido yake saurare. Wurinsa gaba, amma a ɗan gefe, inda zai ga bakin malam kuma ya iya juyawa ya ga wanda ke ba da amsa. Babban abin da ke kashe shi shi ne ɗabi'ar da duk malamai ke da ita, ta yin bayani ana rubutu a allo, an ba aji baya. Rubuta, ka juyo, sannan ka yi magana. Kada ka tsaya a bakin ƙofa haske yana bayanka, fuskarka ta zama inuwa. Ihu ba ya taimako, yana ma lalata siffar baki. Kuma muna da wata dabara tun ta kakanni da ba mu san darajarta ba, wato aikin ardwaz: malam ya yi tambaya, kowa ya rubuta, a ɗaga. Yaron da ba ya iya faɗin amsa da baki yana iya ɗaga ta. Sai dai da buga tebur ake ba da alamar ɗagawa, shi ko bai ji bugun ba, kullum shi ne na ƙarshe, ana dariya. Ka haɗa bugun da ɗaga hannu, shi ke nan. Tambayar ma a rubuta ta a allo.

Mai raunin gani kishiyar haka yake buƙata: duk abin da ka rubuta, ka faɗe shi da baki. Allon da ya koɗe ya zama toka-toka, alli ba ya fita a kansa, gwangwanin fenti ɗaya ya ishe shi, kuma duk ajin ne zai amfana. Zabiya kuwa, hasken rana yana cutar idonsa da fatarsa. A bar shi ya sa hula ko tabarau a aji, a nisanta shi da taga, kada a tsayar da shi a rana don horo. Na taɓa jin malamin da ya cire wa zabiya hula wai rashin ladabi ne. Makaho sosai yana buƙatar rubutun Braille, ɗigo shida da ake taɓawa da yatsa, wanda wani yaro Bafaranshe makaho, Louis Braille, ya tsara yana ɗan shekara 15. Wannan sai an koya wurin masu shi, zan dawo kansa.

Gurgu fa? Kowa gangara yake tunawa, a bakin aji. To, a yi ta daidai. Ƙa'idar ita ce, kowane santimita ɗaya na tsayin dakali, santimita goma sha biyu na tsawon gangara. Dakali mai santimita 20 yana son gangara mai mita biyu da santimita 40. Waɗanda nake gani a wasu gine-gine, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Ƙofa kuma ta kai santimita 90. Amma kafin yaro ya iso gangarar, sai ya ratsa filin makaranta, kuma kun san yashinmu: keken guragu nutsewa yake. Ƴar hanya ta jar ƙasa da aka daɓe daga ƙofar shiga zuwa aji, aikin samarin unguwa ne na Asabar ɗaya. In ajin yaron yana can ƙarshen fili, a sauya, a dawo da ajinsu ɗakin da ke kusa da ƙofa. Wannan ko dala ba ya ci.

Sai wurin da ba a son ambata a taro: bayi. Ku yi haƙuri, iyayena. Ku tuna yadda ƙasan bayin makaranta yake da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sannan ku tuna yaron da da hannuwansa yake tafiya. Yara da yawa a nan karatunsu yake ƙarewa. Wasu sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su, a cikin zafin Afrilu. Ƴan mata in sun fara girma sai su daina zuwa gaba ɗaya. Ɗaki ɗaya cikin jerin, a faɗaɗa ƙofarsa, a gina ɗan wurin zama, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a ba yaron makulli. Magini ɗaya, siminti kaɗan.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ku maimaita wannan a gida: ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa. In yaro ya faɗi, a kawar da benci, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a danne shi. In abin ya wuce minti biyar, a kai shi likita. Yadda malam ya yi a ranar farko, haka yara za su riƙa yi har ƙarshen shekara. In ya gudu, an gama da yaron.

Akwai kuma maganar ajin zana. Nan kusa da mu, a unguwar Pays-Bas, cikin Afrilun 2021, wuta ta cinye azuzuwan zana, aƙalla yara 20 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Tun ranar nake tambayar kaina: in irin wannan ta tashi, wa zai ɗauki wanda ba ya iya gudu, wa zai ja hannun wanda bai ji ihun ba? Yaro mai naƙasa a fara ba ajinsu ɗakin gini. In ba hali, a zaunar da shi kusa da mafita, kuma a san tun yau wane ne zai kama hannunsa. Mu mutanen bakin kogi ne, mun ga ambaliyar 2020, mun ga ta 2024 da ta sa aka ɗage komawa makaranta har 28 ga Oktoba. Duk ajin da ruwa ya rusa za a sake gina shi wata rana. Ƴan CGDES, ranar da ake aza tubalin farko ce ranar maganar gangara da faɗin ƙofa, lokacin da kusan ba ta ƙara kuɗi. In an gama gini, sai fasa bango.

Na ga wasu malamai suna murmushi, kuma na san abin da ke ransu. Suna cewa: yarinya, kin taɓa riƙe aji? Yara tamanin, littafi ɗaya mutum uku, ni ɗan kwantiragi ne, albashi sai ya ga dama, yanzu kuma ki ƙara mini kurma? Gaskiyarku. Ban taɓa riƙe aji ba. Kuma zan faɗi abin da wasu ƴan ƙungiyoyi ba sa so a faɗa: in aka kawo yaro aka ajiye shi bayan aji shekara shida ba ya fahimtar komi, aka rubuta a rahoto cewa an shigar da shi, an cuce shi ne, an kuma yi ƙarya da sunansa. Yaron da aka haifa kurma, wanda bai taɓa jin magana ba, matso da shi gaba ba zai ba shi harshe ba. Yana buƙatar maganar hannu, daga masu iya ta, tare da yara irinsa. Don haka ban zo in ce a rufe makarantar kurame ko ta makafi ba, Allah ya kiyaye. A can ilimin yake. Abin da nake nema shi ne ilimin ya fito ya zagaya: malaman can su riƙa horar da namu, yaro ya koyi Braille ko maganar hannu, ya dawo makarantar unguwarsu, wani ya riƙa leƙo shi. Ƙungiyoyi irin su Handicap International sun yi aiki a kan haka a makarantun Yamai, Tarayyar masu naƙasa ta Nijar, FNPH, da ƙungiyar makafi, UNAN, suna nan, suna da mutanen da suka san aikin. Amma aikin ƙungiyar waje yana da ranar ƙarewa. Kuma mafi yawan yaran da nake magana a kansu irin ƙanwata ne: suna ɗan ji, suna ɗan gani, suna ɗingishi, suna da jinkirin fahimta. Waɗannan ba sa jiran ƙwararre daga ko'ina.

Limamanmu, kun fi ni sanin labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya zo neman ilimi, wanda a kansa Suratu Abasa ta sauka, wanda ya zama ladan, har aka riƙa bar masa riƙon Madina. Makarantun allo ma ba su taɓa korar makaho ba, mahaddata nawa muka sani da ba su taɓa ganin allo ba? Roƙona, ku faɗi wannan a huɗuba kafin ranar rajista. Uban da ba zai saurare ni ba zai saurare ku.

Ga abin da muka shirya. Ranar Asabar mai zuwa za mu shiga gida-gida, mutum biyu-biyu, kuma uwaye ne a gaba, tunda su ke shiga inda aka rubuta ba a shiga. Ba za mu ce akwai naƙasasshe ba. Za mu ce: akwai yaron da ya isa shiga makaranta amma yana gida? Me ya hana shi? Yana da takardar haihuwa? Wannan ta ƙarshen ku riƙe ta da kyau, don yaron da aka ɓoye galibi ba a yi masa takarda ba, ranar rajista kuma ita za a fara tambaya. In babu, ana samunta ta hanyar kotu, muna da wanda zai raka iyaye. Abin da aka gaya muku a cikin gida ya tsaya a takarda, kada in ji shi a bakin famfo.

Ranar rajista ba za mu bar uwa ta je ita kaɗai ba, ɗayanmu zai bi ta. Direktoci, ga roƙonmu gare ku, kuma ba da faɗa ba: in kun ga ba za ku iya karɓar yaro ba, ku rubuta mana dalilin a takarda, ku sa hannu. In gangara ce, mu nemi siminti. In horo ne, mu ɗauki takardar mu kai wa sufeto, mu ce ga abin da makarantarmu ta rasa. Da baki aka sallami ƙanwata, shi ya sa har yau babu wani ofis a ƙasar nan da ya san ta taɓa barin makaranta.

Ita ma za ta fita ranar Asabar. Ta ce mini a layinmu kaɗai ta san yara uku da suke magana da hannu irin tata, ta san gidajensu, kuma iyayensu za su fi sakin jiki in sun gan ta. Muna buƙatar aƙalla uwaye goma da samari goma. Takardar sa suna tana kan tebur a bakin ƙofa, wanda ba ya rubutu ya faɗa a rubuta masa. Haɗuwa ƙarfe takwas, a nan.